Duron roba da na tari ruwan sama da shi a daminar bana

Jama'a masu tambayata ko tsohon duron nan shuɗi na roba yana biyan kuɗinsa, eh yana biya wallahi, amma da sharaɗi. Mu nan ƙauyenmu ta wajen Gaya famfon tuƙa-tuƙa guda ne ke aiki, layi tun asuba, ita kuma rijiyar gida zartsi gare ta sabulu ko kumfa ba ya yi, shi ya sa na sayo guda biyu masu cin lita 200 a kasuwar Wudil ranar Juma'a.

Tun wajen saye ake yin ta. Kada kyan duro ya ruɗe ka, buɗe murfin ka shinshina ka tambayi me aka zubo a ciki, don da yawansu kemikal ko maganin feshi suka ɗauko kuma roba tana riƙe abu, ko ka wanke da omo sau nawa ba tabbas ya fita. Mai sayarwa dai zai ce maka "Alhaji ai wankakke ne", kowanne ma haka yake cewa. Ni waɗanda aka zubo kayan abinci na nema, na bar na ƙarfe saboda tsatsa, ga yawancinsu na baƙin mai ne.

Haɗin ba wuya. Kafinta ya buga min indararo a bakin kwanon ɗaki, na ɗora duro biyun kan bulo, aka huda ƙasa aka sa kan famfo, tiyo ya haɗa na farko da na biyu. Bulon ya zauna daram fa, cikakken duro kilo 200 ne, in ya kife kan yaro ba kyau.

Abin da ya ban mamaki saurin cika. Lissafin shi ne ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne, to ɗaki mai mita 5 da mita 4 in aka yi ruwan milimita 10 kacal duro guda ya cika ke nan. A watan Agusta kam sai dai ka ga yana ta ambaliya, ka bi da bokiti da randa da baho, har maƙota na miƙo jarkoki ta katanga. Uwargida ta fi kowa murna, wanki sabulu kaɗan kumfa ya tashi, awaki ma sun samu.

Ruwan farko kuwa kar ka tara. Duk ƙurar rani da kashin tsuntsu da na ƙadangare suna kan kwanon nan, bar shi ya wanke rufin tukuna, kuma ko tsakiyar damina in an kwana biyu ba a yi ruwa ba ina kawar da indararon na ɗan lokaci kafin in mayar. Sai sauro, shi ne babban aibin abin. Ka bar shi a buɗe mako guda za ka ga tsutsotsi na wutsil-wutsil a ciki, ka noma wa kanka maleriya a tsakar gida. Tsohon gidan sauro na yanka na ɗaure bakin da robar tub, yana tace ganye ma. A inuwa za ka ajiye, rana na sa gansakuka.

Batun sha ban yarda a ɗiba kai tsaye ba, mu sai an tafasa ko an ɗiga WaterGuard, maganin nan na tsabtace ruwan sha. Alam kwantar da datti kawai yake yi, ba ya kashe ƙwayar cuta, mutane na ruɗewa a nan.

Inda ya gaza, lita 400 ba komai ba ce ga gida mai yara. Ruwa na ɗaukewa farkon Oktoba ba a daɗe ba muka koma layin tuƙa-tuƙa, don haka mai tunanin zai kai shi bazara ya nemi babban tanki ko ya gina na siminti. Kan famfon ma ya fara ɗiga, ku sa a manna muku shi da gam tun farko.