Bel ɗin ya riƙe ni, amma akwai abin da mai sayarwa bai gaya mini ba

Wata bakwai ina ɗaura bel ɗin nan na tare faɗuwa daga sama ina mita. Irin mai kama jiki duka ne, kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, da zoben ƙarfe a tsakiyar baya, sai igiya mai reshe biyu da manyan ƙugiyoyi. Ni mai walda ne, kullum a sama nake, kuma ƙugiyoyin nan suna da nauyi, kafin la'asar ƙugu ya gaji.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Ina kan dandamalin ƙarfe a hawa na uku, wajen mita 9 daga ƙasa, na taka wani katako da ba a ɗaure ba, ya wuntsula da ni. Ko salati ban ƙarasa ba sai na ji ƙara a bayana kamar ana keta sabon yadi. Ashe ƙunshin nan da ke jikin igiyar ne ɗinkinsa ke farkewa. Don haka aka yi shi: ya yage sannu a hankali ya shanye fizgar, ta yadda abin da zai isa jikin mutum ba zai wuce kimanin nauyin kilo 600 ba, kamar yadda ƙa'idar Turai ta EN 355 ta tanada. Na tsaya cak a iska, kaina a sama, ƙafafuna a ƙasa, babu ƙashin da ya karye. Da a ce bel ɗin ƙugu zalla na ɗaura, wanda Amurka ta hana tare faɗuwa da shi tun 1998, da ninke ni zai yi gida biyu. A wannan kam ba ni da abin cewa sai godiya, ya fanshi kuɗinsa a daƙiƙa ɗaya.

Wahalar tana gaba. Na fi minti goma ina reto kafin a kawo tsanin da zai kai gare ni. Maɗauran cinya suka nutse mini a matsematsi, ƙafafu suka yi nauyi suka fara mutuwa, gumi mai sanyi ya keto, jiri ya fara ɗibata. Jini ne ke taruwa a ƙafa idan mutum ya rataye a miƙe ba ya motsi, kuma yana iya sumar da shi. Yaron da ke miƙa mini ƙarfe ne ke ta ihu daga sama: "Oga, ka riƙa motsa ƙafa, kada ka rufe ido!" Ya ƙulla madauki a wata igiya ya zuro mini, na sa ƙafa na taka, sannan na ji jini ya fara komowa. Daga baya na ga akwai bel da ke zuwa da irin wannan madaukin a naɗe cikin 'yar jaka a gefen ƙugu. Nawa ba shi da shi, kuma babu wanda ya ambata mini.

Abin da ya fi ɓata mini rai na gano shi ne ina kwance a gida ina karanta takardar da ta zo da kayan. Igiyar mita 2 ce, ƙunshin kuma yana iya buɗewa har mita 1.75. Ka haɗa da tsayin mutum da ratar da ake bari, idan a daidai ƙafa ka maƙala ƙugiya kana buƙatar sarari sama da mita 6 a ƙarƙashinka. Ni kuwa na yi makonni a hawa na ɗaya, ƙasa da mita 4, ina maƙala ta a ƙafata ina jin na tsira. Da a can na zame, ƙasa zan riga igiyar isa. Na gaya wa mai sayarwa irin aikina tun ranar farko, ya miƙo mini wannan ya ce ta isa ko'ina.

Saboda haka bel ɗin zan sake sayen irinsa, igiyar kuwa sai a sama sosai, kuma a maƙala ta bisa kai. Don aikin ƙasa-ƙasa na sayi mai naɗe kanta, wadda ke kullewa nan take idan an fizge ta. Tsohon bel ɗin kuma na sa wuƙa na yanyanka shi, tunda wanda ya taɓa tare faɗuwa ba a sake ɗaura shi, kuma na san idan na ajiye shi lafiya wani cikin yaran zai ɗauka ya hau.