Abin tsayuwar da mai walda ya haɗa wa yarona

Jama'a wallahi abin tsayuwar nan da wani mai walda a Ƙofar Ruwa ta Kano ya haɗa wa yarona ya yi kyau, yaron shekararsa 4 yana da larurar shanyewar jiki tun haihuwa, masu gashin ƙashi na asibitin Dala ne suka ba mu awo suka ce yaron da ba ya takawa ƙashinsa ba ya yin ƙwari, ga saurin karaya, ƙugu ma kan iya gocewa. Kullum da hantsi muna tsayar da shi minti 30 a tsakar gida ya sha rana. Ƙarfen ya yi ƙarko, belet ɗin ma. Matsalata ɗaya soson gwiwa ya yi siriri har ya goge masa fata, sai da Hajiyarmu ta ƙara auduga.