Taragon lantarki na Bilbao da gidan kayan fasaha na Guggenheim

Duk ɗan Garuwa ko Marwa da tafiya ta kai shi arewacin Sifaniya, ina ba shi shawara ya keɓe yini guda ya zaga birnin Bilbao a taragon lantarkin da ya fara aiki a 2002. Taragon yana da tsabta, ba ya ƙara, kuma a wani sashe dogonsa yana bi ta kan ciyawa a gefen kogi, har ya sauke fasinja daf da gidan Guggenheim.

Ginin, wanda Frank Gehry ya tsara aka buɗe a 1997, an lulluɓe shi da fallayen ƙarfen titaniyam masu lanƙwasa, waɗanda launinsu ke sauyawa da hasken rana. A bakin ƙofa akwai ƙaton kare na furanni masu rai, aikin Jeff Koons, ta gefen kogi kuwa ga ƙaton mutum-mutumin gizo-gizo, aikin Louise Bourgeois, wanda mutum ke ratsawa ta tsakanin ƙafafunsa. A ganina wajen ginin ya fi cikinsa daɗin kallo, in ban da manyan bangayen ƙarfe na Richard Serra. Sai dai a riƙi laima, domin ruwan garin ba ya jiran damina.