Matatar ruwa ta RO mai hawa biyar: tana cire yuraniyam, amma ina dattin yake zuwa?

Ga mai rijiyar burtsatse a yankin da ƙasa ke ɗauke da yuraniyam ko radiyam, irin su kewayen Arlit a Nijar da tsofaffin ramukan kuza na Jos, wannan matatar da ake ɗaurawa ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta cancanci kuɗinta. Mataci na farko yana tare laka, biyu na gaba na gawayi ne, sai tantanin RO (reverse osmosis, wato siririn tantani da ake tura ruwa ta cikinsa da matsi), sai gawayin ƙarshe mai gyara ɗanɗano. Tantanin ne ke aikin: yana tare sama da kashi 90 cikin 100 na yuraniyam da radiyam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade mikrogram 30 na yuraniyam a lita, don haka a kai ruwan ɗakin gwaji kafin ɗaurawa da bayanta. Ɗan ma'aunin TDS da ake haɗawa da ita, mai auna jimillar abubuwan da suka narke a ruwa, ba ya ganin yuraniyam. Amfaninsa kawai ya nuna tantani ya fara gajiya.

Inda ta gaza shi ne maganar datti, kuma masu sayarwa ba sa ɗaga ta. Matatar ba ta kashe komai, raba ruwa biyu take yi. Duk lita ɗaya mai kyau, wajen lita uku na fita ta siririn tiyo, ɗauke da abin da aka tace. Idan matsin ruwa ya gaza psi 40 (psi ma'aunin matsi ne), asarar ta fi haka, sai an ƙara injin ƙara matsin ruwa. Wannan ruwan na tiyo kada a ba dabbobi, kada a zuba wa alayyafo ko tumatir. A kai shi ramin shanye ruwa mai nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, in ba haka ba ya koma inda ya fito.

Gawayin ma abin lura ne. Yana kama iskar radon mai fitar da radiyeshon, wadda rabinta ke ƙarewa cikin kwana 3.8, amma tana barin dalma-210, wani nau'in dalma mai fitar da radiyeshon, mai ɗaukar shekara 22 kafin ta ragu da rabi. A canza shi duk wata shida, a ɗaure cikin leda biyu, kada a fasa, kada a ƙona, kada a bari yara ko 'yan jari bola su kwashe.

Masu gidan ruwan leda da ke tara buhunan tsofaffin matatai, nasu ya wuce na bola. Su tuntuɓi NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, kafin su zubar.