Sitiyarin da mai walda ya haɗa wa kwale-kwalena

Shekara shida ke nan ina su a madatsar Tiga da ɗan kwale-kwalen katako mai injin Yamaha doki 15. Kullum ina tsugune a baya, hannu a kan mariƙin inji, har kafaɗa ta fara yi mini tsami. Ga shi in ni kaɗai ne a ciki, nauyina da na inji duk a baya suke, gaban jirgi ya ɗaga sama, ba na ganin abin da ke gabana. Shi ya sa da wani mai walda a wajen Rano ya ce zai iya sa mini sitiyari a tsakiya, ban yi wata-wata ba.

Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na sayo sitiyarin tsohuwar Golf, da kebur, da 'yan ƙananan wili huɗu da kebur ɗin zai bi ta kansu. Mai waldar ya ce kwana uku. Sai da ya ci mini sati biyu, amma wannan ban riƙe shi ba, kowa ya san halin masu walda da wuta.

Ranar gwaji ce ta ƙona mini rai. Da sassafe, masunta cike da bakin ruwa, kowa ya zo ganin jirgi mai sitiyari. Ɗana ya ja inji, na zauna kamar direban Hiace. Na murza dama, jirgi ya yi hagu. Na ce ko iska ce, na ƙara murzawa, ya ƙara yin hagu, kai tsaye cikin kalli, wato ragar kamun kifi, da wani dattijo ya shimfiɗa tun dare. Farfela ta naɗe ragar kamar zare a mazari, inji ya mutu. Da wuƙa muka raba su, ni cikin ruwa har wuya, ga sanyin hunturu. Dattijon bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, mota a kan titi take." Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Na biya kuɗin kalli, har da karfasar da ya ce ya yi asara.

Ashe kebur ɗin ne mai waldar ya naɗa a baibai a jikin sandar sitiyari. Da na kira shi, wai "Alhaji, ai da ka saba shi ke nan." Ka ji fa! Ɗana, da ko walda bai taɓa riƙewa ba, shi ya warware ya naɗa ta ɗaya gefen, ko minti ashirin bai yi ba.

Gaskiya ɗaya ce, tun daga nan abin ya yi mini daɗi. Jirgi ya daidaita a kan ruwa, ina hango kututture tun daga nesa, kafaɗa ta huta. Har na fara tunanin yafe wa mai waldar.

Sai dai totur da giya suna can baya a jikin inji, bai taɓa su ba, bai kuma gaya mini tun farko ba. In zan rage gudu sai na saki sitiyari na rarrafa baya, ko in ɗauki yaro musamman don wannan. Tun hatsarin jirgin ruwa na Bagwai a 2021 ba na son yawo cikin ƙaramin jirgi yana tafe. Kebur ɗin kuma shi ya ce in sayo na ƙarfe zalla, wata biyu ya soma tsatsa duk da giris ɗin da nake lafta masa, ya kuma yi sako-sako, sai na murza rabin zagaye kafin inji ya motsa. Makon jiya ɗaya daga cikin wilin ya fita daga waldarsa. Yanzu da igiyar guga na ɗaure shi, filafili kuma ba ya barin gefena.