webMUSHRA: manhajar gwada kodek da kunne

Gaskiya duk mai son sanin wanne kodek (wato tsarin matse sauti don a tura shi) ya fi fidda murya tas a kiran intanet, ya nemi webMUSHRA, kyauta ce kuma a burauza take aiki. Masu binciken sauti na Erlangen a Jamus ne suka haɗa ta bisa MUSHRA, tsarin gwada ingancin sauti ta hanyar saurare na Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya (ITU). Kana loda asalin sautin da waɗanda kodek irin su Opus da AAC-ELD suka matse, ita kuma ta cakuɗa su, mai saurare ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 100 bai san wanne ne wanne ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ana ɓoye asalin a cikinsu, har da wani da aka rage wa inganci da gangan ta hanyar yanke duk sautin da ya haura 3.5 kHz, to wanda ya ba asalin maki kaɗan ka san ba saurare yake ba, sai a cire shi.

Saitin dai sai ka rubuta fayil na YAML (wani tsarin rubuta saiti) da hannu, kuma adana sakamako na buƙatar sabar intanet mai aiki da yaren kwamfuta na PHP. Sannan jinkiri fa ba ta aunawa, ingancin sauti kawai, shi jinkirin sai mutum biyu sun yi hira kai tsaye. Kuma don Allah kowa ya sa hedifon iri ɗaya.