Wata huɗu muna amfani da Gerrit, ga abin da na gani

Mu biyar ne a kan wata 'yar manhaja da muka bar kod ɗinta a buɗe, kuma da can kowa tura aikinsa yake kai tsaye kan main, wato babban reshen kod ɗin, duk sanda ya ga dama. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya na tura gyara na kwanta abina, da asuba na tashi na tarar da saƙonni sun fi ashirin, ashe na ɓata wurin shiga gaba ɗaya, ba wanda ke iya sa fasawod. Laifina ne, ban musa ba. Daga nan aka fara musu kan ko a shigar da aiki sannan a duba daga baya, ko kuwa sai an duba kafin a shigar. Mutanen Apache sun daɗe da duka biyun, a httpd ɗinsu, manhajar da ke miƙa shafukan intanet, reshen da ake gwaje-gwaje shigarwa ake a duba daga baya, amma reshen da jama'a ke amfani da shi sai mutum uku sun ba da +1, wato ƙuri'ar amincewa. Mu dai muka zaɓi a duba tukuna, ɗayanmu kuma ya kafe sai Gerrit, manhajar duba kod kafin a shigar, wai ai shi Android da LibreOffice da Wikimedia ke amfani da shi.

To gaskiya wajen tsare ƙofa ban ga kamarsa ba. Ba ka turawa kan main, sai dai refs/for/main, aikin ya tsaya nan yana jira, kuma kowane komit, wato gyara guda da ka ajiye, shi kaɗai ake duba shi, ba a haɗa goma a dunƙule. Mai dubawa zai ba ka +1 ma'ana ya yi masa amma wani ya ƙara gani, +2 ne kawai ke buɗe hanya, kuma abin da ya ba ni dariya ranar farko, +1 sau biyu ba ya zama +2, ko mutum goma suka taru suka ba ka kana nan inda kake. Idan kuwa wani ya danna maka -2 to ka zauna, ko ka sake turo gyara tana nan manne har sai shi ya cire da hannunsa. Abin da na fi so dai shi ne kwatanta turowa ta uku da ta huɗu, in ga layin da mutum ya taɓa bayan na yi masa magana, ba sai na sake karanta komai daga farko ba da datata mai tsada.

Wahalarsa tana wurin baƙo. Dole ka sa hook, wato 'yar manhajar da ke liƙa Change-Id, lambar shaidar kowane gyara, in ka manta sai ya ƙi karɓa, sannan gyara ba sabon komit ake yi ba, git commit --amend ne, wato a gyara tsohon komit ɗin, wanda ya saba da GitHub, shafin ajiye kod, kuwa kansa kullewa yake. Wata ɗaliba ta zo za ta gyara mana kalma biyu a fassarar Hausa, kalma biyu fa, muka kwashe kusan awa ɗaya a waya ina nuna mata, ta samu ta tura amma ba ta sake dawowa ba. Ga shi da Java aka rubuta shi, sai an nema masa saba, wato kwamfutar da zai zauna a kai, kuɗin wata kuma aljihunmu.

Da yau za mu fara, ni kariyar reshe ta GitHub zan kunna, kyauta ce ga aikin da ke buɗe, a sa dole mutum ɗaya ya amince shi ke nan. Gerrit na masu ɗaruruwan hannu ne. Mun dai bar shi har ƙarshen shekara saboda an riga an biya saba.